Kakar Guga da Rabin Labari

Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da 'yan firamare, kuma ban taɓa zaton mai gugar kaya ce za ta tsaya mini a rai bayan na yi ritaya ba. Surukata ce, mahaifiyar mijin 'yata. Jikokinmu biyu, mace da namiji, ita suna ce mata Kakar Guga, ni kuma Kakar Tabarau. Tun daga sunan na ga an cuce ni, don ita an laƙaba mata aikin hannunta, ni kuwa raunin idona.

Gara in faɗa tun yanzu kada a ce na ɓoye: kishinta nake yi. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Da ma ta taɓa yi, da na sami abin da zan riƙe in ce shi ne dalili.

Gajeruwar mace ce, ta girme ni da kamar shekara shida, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani abu ba sai Malama. Bayan hannunta duk tabon ƙuna ne, kafaɗarta ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Shagonta yana ƙarshen wani layi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, kuma in ka miƙa hannu biyu ka kusa taɓa bangayensa. Akwai teburi da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, da igiya daga bango zuwa bango, riguna na lilo a kai. Bayan labule ɗakin kwananta ne, gado ɗaya da risho. A kan taga akwai wata kwalba da take tara abin da ta tsinta a aljihun mutane wanda ba a dawo nema ba, su maɓalli, makulli, murfin biro, tsohon tikitin mota. Karatunta bai wuce lambobin da take rubutawa a wuyan riguna ba.

Ni kuwa a bene nake, ɗaki uku da falo, da kanta guda cike da littattafai.

Jikata ta fari shekararta shida, muna ce mata Giɓi tun da haƙoranta na gaba suka faɗi. Ƙanenta shekara huɗu, Kumatu, kuma duk wanda ya gan shi ba zai tambayi dalilin sunan ba. Yaran nan Allah ya yi su da kyau da wayo, ya kuma yi su da rowa. Kalmar da Kumatu ya fara furtawa sarai ba Mama ba ce, "nawa" ce. Giɓi kuwa in ta riƙe abu, sai dai a yanke hannun. Da 'yata ta koma aikinta a kantin magani, aka raba mana yinin yaran bayan makaranta: Litinin zuwa Laraba a wurina, Alhamis zuwa Asabar a shagon Yaya. Na ƙirga na ga kwana uku-uku ne, amma a raina na ce ai ita har da Asabar, yini cur.

Ni da na san aikina, sai na ce maganin faɗa shi ne kowa da nasa. Kofi biyu, ƙwallo biyu, fensir mai launi kwali biyu. Ɗana ya saya musu wani jan keke mai ƙafa uku, suka kusa tsaga shi, na je na sayo na biyu, shuɗi. Shuɗin yana nan a lungu har yau ƙura ta rufe shi, don duk su biyun jan suke so, kuma kowa yana son sa ne a daidai lokacin da ɗayan yake kai.

Sai na koma wa littafi. Ina da masu hoto, na biri mai rowa da ya cinye ayabar abokansa har cikinsa ya yi ciwo, da na yarinyar da ta hana aron ludayi. Nakan zaunar da su, in gyara tabarau, in karanta da murya irin ta aji, in na gama in ce, "To, wane darasi muka koya?"

"Rowa ba kyau," in ji Giɓi, tana ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya. Tana faɗa kuwa tana zaune a kan ledar biskit ɗin da na ba su su biyu.

Wata Litinin ina yanka musu lemo a kicin, sai na ji falon ya yi tsit. Duk wadda ta taɓa rainon yara ta san shirun nan ba alheri ba ne, don haka na leƙo da wuƙar a hannuna. Giɓi ce ta sauko daga jan keken da kanta, ta riƙe wa ƙanenta kan keken.

"Hau ka je bakin ƙofa ka dawo," ta ce. "Sai ka faɗa mini me ya sa maɓallin ya gudu daga rigar."

"Sau biyu," in ji Kumatu.

"To, sau biyu."

Ya hau, ya je ya dawo sau biyu yana hura kumatu, sannan ya sauka ya kama kunnenta ya yi mata raɗa. Ta zaro ido. Ita ma ta sunkuya ta yi masa tata raɗar, suka fashe da dariya har suna faɗuwa kan kujera. Na tsaya da lemo yana ɗiga a hannuna. Abin da na yi wata biyar ina nema da littafi da biskit, ga shi ya faru a falona, kuma ba da hannuna a ciki ba.

"Wane maɓalli ne wannan?" na ce.

"Na Kakar Guga ne," suka haɗa baki.

Da ƙyar na gane yadda abin yake. Ashe in za ta ba su labari, ba ta ba su tare. Takan aiki Giɓi ta kai wa mai aski tawul ɗinsa, kafin ta dawo ta ba Kumatu farkon labarin. Sannan ta sa shi ya zauna bakin ƙofa yana ƙirga motoci, ta ba Giɓi ƙarshen. Kowa ya tashi da rabi. Wanda yake son ya ji saura, sai ya lallaɓa ɗan'uwansa. Tun ana ciniki, ba ni keke in ba ka ƙarshe, har ya zama wani lokaci sun manta da cinikin, sai dai ka gan su kai a haɗe.

A wannan makon ne 'yata ta zo ɗaukarsu ta zauna a hannun kujera tana murza ƙafa, ta ce, "Mama, kai-kawon nan ya ishe mu. Gida biyu, hanya biyu, mai adaidaita kullum sai ya ruɗe. Mun ce in aka yi hutun ƙarshen zango za mu tsayar da wuri ɗaya."

"Wuri ɗaya wane?"

"Ba mu yanke ba tukuna. Za mu ga inda suka fi sakewa."

Mijina ya rasu shekara bakwai ke nan, ɗana yana wani gari. Ƙarar ƙafafun nan huɗu a kan matakala da ƙarfe biyu na rana ita ce abin da nake tashi dominsa. Kuma na riga na ji Kumatu ran Talata yana tambayar yayarsa saura kwana nawa Alhamis.

Ran Juma'a na kwance labulen falona, wanda ba abin da ya same shi, na naɗe na nufi shagon a kan wai a goge mini. Leƙen asiri na je, kuma ina jin ta sani. Ta share mini kujera da gefen zanenta, ta aika a kawo mini shayi daga wurin mai shayin layin. Yaran suna ƙarƙashin teburi cikin kwandon kayan da ba a goge ba, zafi kamar me, ba fanka, ba abin wasa ko ɗaya sai kwalbar nan ta kan taga. Ko ɗaga kai ba su yi sosai ba da suka gaishe ni.

"Yaya, wannan dabara ta raba labari, a ina kika koye ta?" na ce, ina yi kamar hira ce kawai.

Ta yi dariya, ta yayyafa wa wata farar riga ruwa. "Wace dabara, Malama? Kuskure ne na yi, ya zauna."

Tana guga tana ba ni labari. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da maza biyu, ɗan takwas da ɗan bakwai, ƙaramin shi ne surukina na yanzu. Ta shiga guga ne da dutsen aro. Makarantarsu a lokacin kashi biyu ce, 'yan safe da 'yan rana, sai ta roƙi shugaban makarantar ya raba mata su, saboda takalmin makaranta ɗaya gare su, jaka ma ɗaya. Babban ya je da safe, ya dawo da azahar ya cire wa ƙaramin. To, babban sai ya tsaya ƙwallo a hanya, ƙaramin ya makara ya sha bulala. Ƙaramin kuma don haushi sai ya bi ta cikin taɓo da takalmin, ya dawo da shi jiƙe. Kullum dambe, har maƙwabta suka gaji da rabo.

"Wanda duk yake gida, ƙarƙashin teburin nan yake zama," ta ce, "ni kuma in ina guga bakina ba ya shiru. Ran nan na fara wa ƙaramin labari da safe, hankalina na kan wata riga mai wuyar sha'ani, ban ma lura sun yi canji ba. Na ci gaba da zuba, ashe babban ne a ƙasa. Da yamma sai na ji su a bayan labule, wannan na cewa yaya aka fara, wancan na cewa yaya aka ƙare. Washegari babban nan a guje ya dawo, takalmi a hannu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan fa. Har suka gama firamare."

Na kurɓi shayin, ya yi zaƙi da yawa. "Amma labaran naki na ji ba darasi a cikinsu. Maɓalli ya gudu, kaza ta yi kaza. Yaro ai sai an nuna masa abin da ake so ya koya."

"Ni ina na san darasi, Malama? Ku ne masu karatu." Ta kifa dutsen a kan mazauninsa. "Abin da na lura kawai, yaron da ya san yana da abin da wani ke so a wurinsa, ba ya ƙanƙame kaya sosai. Shi ya sa kullum ƙaramin nake ba farko. Babba ya riga shi ƙarfi, ya riga shi baki, to a bar shi ya zo ya nemi wani abu a wurin ƙaramin ko sau ɗaya a rana."

Na yi kwas uku a kan tarbiyyar ƙananan yara, ina da takardun shaidar rataye a bango cikin firam, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini wannan. Na karɓi labulena da ta ƙi karɓar ko sisi a kai, na fito ina murmushi, na yi ta murmushin har kwanar layin. Daga nan na sake fuskata ta koma yadda zuciyata take.

A hanya na yanke shawara. In dai labari ne, ni ma na iya, kuma na fi ta iyawa. Abin da take yi rabi-rabi a cikin zafi da warin gawayi, ni zan yi shi cikakke, a rubuce, da hoto, yaran su ga bambanci.

Litinin ta zo, suka zo da sabon labari na wata kaza da ta haɗiye makullin shago. Kumatu yana riƙe da farkonsa tun Asabar, ya ƙi saki. Wannan karon ya sa masa tsada, wai sai an bar masa jan keke yini guda. Giɓi ta yi masa tayin sau biyar zuwa ƙofa, ta kai sau goma, ya girgiza kai. Yana yawo a falon ƙirji a gaba, hannu a baya, kamar wani mai gidan haya. Ban taɓa ganinsa da girma haka ba.

Da na kai shi wanke hannu kafin cin abinci, na durƙusa a gabansa na ce, "Ni ba za ka ɗan gaya mini ba? Ni fa kakarka ce."

Ya dube ni ta cikin tabarau. "Ba za ki faɗa wa Giɓi ba?"

"Haba, ni?"

Ya kama kunnena da jiƙaƙƙen hannunsa. Numfashinsa na ƙanshin lemo, yana yi yana haɗiyar yawu, ya ba ni duka: yadda mai shago ya ajiye makulli a kan buhun masara, yadda kazar ta ɗauka ƙwaya ce, yadda ta fara tafiya cikinta na ƙara. Rabon da ya matso jikina haka har na manta. Daga baya na ja Giɓi gefe, ita ko lallashi ba ta buƙata ba, biskit biyu suka fito da ƙarshen.

Ran Talata tun safe na zauna da sabon littafin rubutu. Na rubuta labarin da rubutuna mai kyau wanda iyaye suke yabo, na gyara inda bai haɗu ba, na zana kazar da jan fensir, a ƙasa na ja layi na rubuta darasi. Da suka zo na zaunar da su, na ce yau akwai abin mamaki. Na fara karantawa.

Ban kai layi na huɗu ba Giɓi ta yi tsalle. "Au, ashe a kan buhu ya ajiye. Na gane, na gane." Ko tsayawa jin darasin ba ta yi ba. Ta haye jan keke, ta waiwayo ta ce wa ƙanenta, "Riƙe naka, ba na so."

Kumatu bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya dube ni, ya dubi littafin, ya ce a hankali, "Nawa ne. Kin ba ta nawa." Sannan ya rarrafa ƙarƙashin teburin cin abinci ya zauna ya juya mini baya. Na kai masa lemo, na kai masa shuɗin keke, na ce zan sa Giɓi ta sauka yanzun nan. Bai ko motsa ba har uwarsa ta zo.

Na ce a raina yaro ne, gobe ya manta. Bai manta ba. Mako uku, in an ce ya gaishe ni ya gaishe ni, daga nan ba ƙari. Ya hana ni wanke masa hannu, shi yake hawa kan bokiti ya kunna famfo da kansa. Faɗansu ya dawo har ya fi na da, ran nan ma sai da ya ciji Giɓi a dantse. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wayar da 'yata ta yi mini.

"Mama, me ya faru ne a wurinki? Jiya Kakarsu ta kira Kumatu za ta ba shi farkon labari, ya toshe kunne. Wai ba ya so, za a ƙwace masa."

Na ce ban sani ba, yara ne. Na ajiye wayar na zauna ina kallon littafin da kazar a jiki. Kunya ta ishe ni, amma ko a cikin kunyar akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya ji daɗi cewa ita ma abin ya ƙi mata. Na faɗa ne don na ce ba zan ɓoye ba.

Ranar Lahadin farko ta hutu aka tara mu a falon 'yata bayan la'asar. Na sha ado, na shirya hujjojina tun a gida: gidana ya fi kusa da makaranta, akwai fili, akwai mai duba musu aikin gida. Na san kuma in aka tambayi yaran, na faɗi. Surukina ya gyara murya zai fara, sai mahaifiyarsa ta ɗaga hannu.

"Kada ku wahalar da kanku. A kai su wurin Malama." Ta shafa kafaɗarta ta dama. "Hannun nan ya gama aiki, likita ya ce in ajiye dutse. Yayanka ya daɗe yana cewa in koma wurinsa, na ce to. Ƙarshen wata zan tafi. Kuma ko ina nan, yara suna girma, suna buƙatar mai karatu."

Garin da babban ɗanta yake, tafiyar yini guda ce a mota. Hujjojina kuwa, ba wanda ya nemi ko ɗaya. Na samu duka kwana shida, har da Asabar, kuma ba ƙwata na yi ba, miƙo mini aka yi kamar yadda ake miƙa wa yaro abin da ya yi ta kuka a kai. Na dubi Kumatu, yana jikinta ya cusa fuska a zanenta.

Ana saura kwana biyu ta tafi, da hantsi, na ji ana hawa matakalata a hankali, ana hutawa. Ba ta taɓa zuwa gidana ita kaɗai ba. Ta zauna a bakin kujera, ta ƙi shan komai, ta dubi kantar littattafai ta ce ma sha Allah.

"Malama, kaya na kawo miki ajiya. Jiya na samu Kumatu ya karɓi farkon wani labari. Da ƙyar, sai da na rantse masa Giɓi ba ta da ƙarshen."

"To wa ke da shi?"

"Na ce masa yana wurin Kakar Tabarau."

Na cire tabarau na goge, na mayar. Wato ta san abin da na yi. Ta sani tun ranar, kuma ba ta gaya wa ɗanta ba, ba ta gaya wa 'yata ba, ba ta ko canza mini fuska ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"Yaya, ai ba zai zo ba."

"Zai zo. Ɗan ubansa ne, ba ya iya kwana da rabin abu. Ke dai kada ki neme shi, kuma kada ki tambaye shi nasa. Ki bari ya kawo da kansa."

Ta matso ta ba ni ƙarshen, da ƙaramar murya kamar akwai mai saurare. Labarin wata safa ce da iska ta ɗauke daga igiyar shanya. Ban san yadda aka yi ta tashi ba, wannan yana wurin Kumatu. Nawa dai shi ne, safar ta faɗa kan rufin motar haya, wata tsuntsuwa ta ɗauke ta ta yi sheƙa da ita a bishiyar da ke bakin gidan, 'yar'uwar safar tana hango ta daga igiya kullum suna gaisawa. Duka bai fi minti biyu ba. Ina saurare ina cewa a raina, wannan ne abin da ya fi littattafaina? Na raka ta har ƙasa, na riƙe mata hannu a matakala, muka yi sallama kamar mutanen kirki.

Kwana tara Kumatu ya yi yana daurewa. Ina ganinsa yana zagaye ni, ya zo kusa da kujerata ya yi kamar ƙwallo yake nema. Na cije ban ce komai ba, ni da ban iya shiru ba. A rana ta goma ina tsinke zare a bakin wani mayafi, sai na ji an dafa gwiwata.

"Ina safar ta je?"

"Wace safa? Ni ban san yadda ta tashi ba."

Ya waiwaya ya tabbatar Giɓi tana baranda. Sannan ya hau cinyata, ya kama kunnena, ya ba ni kaɗan, ba duka ba, ya tsaya ya ga abin da zan yi da shi. Na ce safar ta faɗa kan rufin motar haya. Ya gyara zama, ya jingina kansa a ƙirjina, nauyinsa duka a kaina.

A nan ne tsoro ya kama ni. Saura tsuntsuwa da sheƙa, minti ɗaya, labari ya ƙare, ya sauka. Sai na ji bakina yana cewa motar ba ta tsaya ba, ta miƙe sai tasha, kuma a tashar akwai wani ɗan kwikwiyo mai jin sanyi a kunne ɗaya. Na ce sauran sai gobe.

Yau mako bakwai ke nan. Safar nan ta shiga jirgin ruwa, ta kwana a aljihun mai gadi, ta yi aikin goge allo a wata makaranta inda ta ga abubuwan da ni kaɗai na san su. Ba littafi, ba darasi, da asuba nake tsara na ranar ina shan shayi, kuma ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba a duk shekaruna na aji. Giɓi ta gaji da jin dariya daga nesa, ta dawo tana bin ƙanenta da jan keke tana roƙon ya gaya mata yadda aka fara. Jiya na ga ya ba ta kyauta, bai ko hau ba. Tsuntsuwar Yaya tana nan a ajiye, ban kai gare ta ba, kuma ban san ranar da zan kai ba.

Sai dai kullum in na dasa aya, kafin ya sauka daga cinyata, yakan ɗago ya dube ni ta cikin tabarau, irin kallon da ya yi mini a bakin famfo.

"Wannan ma Kakar Guga ce ta gaya miki?"

Kwikwiyon nawa ne, jirgin ruwan nawa ne, mai gadin ma nawa ne. Amma na san wadda ya yarda da ita, kuma na san dalili.

"Ita ce," nake cewa.

Sai ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta, ya ce, "Ta iya labari."